YADDA SIFILI DA ƊAYA SUKA KUSA RABA NI DA AMINIYATA

Na san da yawa daga cikinku kun leƙo ne kuna jiran ci gaban labarin da muke ciki, to ina neman afuwarku, wannan makon ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba. Abu ne da ya faru da ni ni kaina, kuma na daɗe ina juya shi a raina, in faɗa ko in yi shiru, har dai na ga shirun ba zai amfani kowa ba, musamman 'yan uwana marubuta da yanzu kowa ke fafutikar buɗe shafinsa na sayar da littafi a intanet.

Ga waɗanda ba su sani ba, ni mutuniyar Dawaki ce, ba Dawakin Kudu ba kuma ba Dawakin Tofa ba, Dawaki ta ƙasar Rano, can kudancin Kano. Karatuna bai wuce sakandare ba aka yi mini aure. Na tashi ina karanta littattafan su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Hajiya Bilkisu Funtuwa da Malam Ado Ahmad Gidan Dabino, har sha'awar abin ta kama ni. A 2001, shekarar da wayar salula ta shigo ƙasar nan, na fara rubuta nawa. Da biro nake rubutu a littafin makaranta, a gindin fitilar ƙwai, bayan yara sun yi barci. In na gama maigidana ya kai Kano a buga a kwamfuta, a kai maɗaba'a, sannan a raba wa masu shagunan littattafai. Labari ɗaya a kasa shi uku, na ɗaya da na biyu da na uku, kowanne da kuɗinsa. Ba wata riba ce ta a zo a gani ba, amma da ita na riƙa yi wa yara ɗinki da sallah.

To kun san yadda zamani ya juya. Takarda ta yi tsada, masu karatu suka koma waya, littafi ya koma guruf na WhatsApp da Facebook. Wasu daga cikinmu suka kai littattafansu OkadaBooks, shi ma a ƙarshen Nuwamba 2023 aka rufe shi. A lokacin ne ɗan yayana, wanda ya karanta ilimin kwamfuta, ya ce mini, "Gwaggo, me zai hana in gina miki shafinki na kanki? Babi goma na farko kyauta, saura kuma sai wanda ya biya." Na ce Allah Ya yi maka albarka. A farkon 2024 ya gama, muka ɗora sabon littafina mai babi arba'in. Saboda wahalar sabis a wajenmu, sai ya ɗora babin duka arba'in ɗin rana ɗaya da ya shiga Kano, da nufin duk Juma'a a fito da mahaɗin babi biyu a fuskar shafin. Naira 500 ne kuɗin littafin. Mai so ta tura kuɗi ta banki, ta ɗora hoton rasiti, in duba a wayata in amince.

Makonni biyun farko abin ya yi kyau, har na fara lissafin kuɗin jarrabawar 'yata ta fita sakandare. Daga mako na uku sai ciniki ya tsaya cak. Ana nan sai wata ta turo mini hoton hirar wani guruf, ana ta muhawara a kan mutuwar da mijin tauraruwar labarin ya yi. Gabana ya faɗi, domin wannan mutuwar a babi na 37 take, mu kuwa a shafi ko babi na 17 ba mu kai ba.

A duk duniya mutum uku ne suka san babi na 37. Ni, da ɗan yayana, da aminiyata. Wannan aminiya tawa benci ɗaya muka zauna tun aji ɗaya na sakandare, aure ya kai ta Kibiya, kuma shekara ashirin ke nan duk abin da na rubuta ita ke fara karantawa ta gyara mini. Ita ce ta taɓa kama ni na canza wa tauraruwa suna tsakanin littafi na ɗaya da na biyu ban sani ba. Ko sisi ba ta taɓa karɓa ba. Yaron kuwa na san ba ya karanta littafin soyayya, ko sunan tauraruwar bai sani ba. Sai Shaiɗan ya buga mini ganga. Na ɗauki waya na kira ta, ko gaisawa ba mu gama ba na ce, "Ashe haka za ki yi mini? Nawa suka ba ki?" Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ni kike faɗa wa haka?" Na ce ke fa. Ta ce, "Allah Ya bayyana gaskiya," ta kashe wayar. Wata biyu cur ba mu sake magana ba. Ko da aka yi sunan jikarta ban je ba.

Wadda ta warware zancen wata yarinya ce da ban taɓa gani ba. Da daddare saƙonta ya shigo: "Anti don Allah ki yafe mini, na karanta littafinki har ƙarshe ban biya ba, kuma abin yana damuna. A guruf ɗinmu aka koya mana, wai a can saman shafi inda adireshi yake, a goge sifili a sa ɗaya, sannan a sa lambar babin da ake so." Na karanta saƙon ya fi sau biyar ban gane ba. Da gari ya waye na aika aka kira mini yaron.

Ya zo da kwamfutarsa, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Yana karanta saƙon na ga gumi ya karyo masa. Ya buɗe shafin ya nuna mini saman allo, inda aka rubuta karanta.php?babi=5&biya=0. Ya goge 5 ya sa 37, ya goge 0 ya sa 1, ya danna. Sai ga babina na 37 ɓaro-ɓaro, ba rasiti ba kalmar sirri. Ya ce, "Gwaggo laifina ne, ki yi haƙuri." Na ce ba haƙuri nake so ba yanzu, so nake ka fahimtar da ni abin da ya faru tiryan-tiryan, domin a kan wannan abin na ci mutuncin baiwar Allah. Abin da ya koya mini a yinin nan shi zan ba ku, gwargwadon yadda na riƙe.

Ya ce da wani yaren kwamfuta mai suna PHP ya gina shafin. Wani bawan Allah Rasmus Lerdorf, haifaffen tsibirin Girinlan, shi ya fara fito da shi a 1995, daga baya wasu matasa biyu, Zeev Suraski da Andi Gutmans, suka sake masa gini. Da shi aka gina WordPress da masu bulog da yawa ke amfani da shi, da shi manhajar Wikipedia ke tafiya, kuma da shi aka fara gina Facebook a 2004. A wannan yaren akwai abin da ni na sa wa suna mazubi. Wuri ne mai suna da ake zuba bayani a ciki, yau a zuba wannan gobe a juye a zuba wancan, kuma ana gane shi da alamar dala a gaban sunansa, kamar $babi ko $suna.

Ya ce rubutun umarnin kwamfuta kamar gidan yawa yake, ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da aikinsa. Mazubin da aka ajiye a cikin wani ɗaki, na wani ɗakin ba ya ganinsa, kamar dai yadda kishiya ba ta san abin da ke cikin kwallar abokiyar zamanta ba. Ko mazubin da aka ajiye a waje ma, wanda ke cikin ɗaki ba zai taɓa shi ba sai ya nemi izini da wata kalma ta musamman. Amma akwai wasu mazubai guda tara da yaren ya zo da su tun asali, ba kai ke ƙirƙirarsu ba, kuma daga kowane ɗaki ana miƙa hannu a ɗiba ba tare da neman izinin kowa ba. Ya nuna mini randar da ke gindin bishiyar darbejiyarmu ya ce, "Kamar waccan ce Gwaggo, ta gama-gari, kowa moɗa kawai zai sa." Na ce to na ji, amma wa ke zuba ruwan? Ya ce ai nan ne gizo ke saƙar.

Ya lissafo mini su ina rubutawa a bayan littafin makaranta. Na farko $_GET, shi ne ke ɗauke da duk abin da aka rubuta a adireshi bayan alamar tambaya, wato babi=37 da biya=1 ɗin nan da suka kashe ni. Na biyu $_POST, shi ke karɓar abin da mai karatu ta cike a fom, suna da lambar waya da kalmar sirri. Ba ya fitowa a adireshi, amma duk da haka daga hannun baƙo ya fito. Na uku $_COOKIE, ɗan guntun bayani ne da shafi ke ba baƙo ya ajiye a wayarsa ya dawo da shi gobe, kuma tunda a aljihunsa ya kwana yana iya sauya shi. Na huɗu $_FILES, ta nan hotunan rasiti ke shigowa. Na biyar $_REQUEST, shi kuma gambiza ne, yana haɗa na adireshi da na fom wuri guda, har ka kasa sanin ta wace ƙofa abu ya shigo. Na shida $_SERVER, yana ba da labarin ziyarar kanta, wane shafi aka nema, da ƙarfe nawa, daga wace lambar intanet, da irin burauzar da baƙo ya ce yana amfani da ita. Na bakwai $_ENV, bayanan muhallin injin da shafin ke zaune a kai. Na takwas $GLOBALS, shi ne kundin duk mazuban da ke waje da ɗakuna. Na tara $_SESSION, wanda ya ce in ja masa layi biyu a ƙasa.

Dalili kuwa, shi $_SESSION abin da ke cikinsa ba ya zuwa hannun baƙo, a wajen uwar garke yake zama, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin. Baƙo lamba kawai ake ba shi. Nan take na gane, domin na san littafin bashi na mai kantin unguwarmu. In yaro ya je ya ce "Babana ya biya," mai kanti ba ya miƙo kaya sai ya buɗe littafinsa ya duba. Abin da ɗana ya yi shi ne ya gina kantin da ba shi da littafi, duk wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya ce na biya, sai a miƙa masa. Wadda ta biya da gaske ana tura mata adireshi mai biya=1, wadda ba ta biya ba tana ganin biya=0. Yara masu wayo suka gwada biyun suka ga bambancin harafi ɗaya ne. Sannan tunda babi arba'in ɗin duk suna can ajiye, kuma ba wanda ya gaya wa shafin cewa kada ya wuce inda aka tsaya, sai kowa ya rubuta lambar da ya ga dama. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Da na ga jikinsa ya yi sanyi ƙwarai, sai na tambaye shi ko shi kaɗai ne ya taɓa irin wannan kuskure. Ya ɗan murmusa ya ce ai masu yaren da kansu sun taɓa faɗawa ramin da ya fi wannan. A da akwai wani tsari mai suna register_globals, wanda in yana kunne, duk abin da baƙo ya rubuta a adireshi kai tsaye yake zama mazubi a cikin gida. Mutum ya rubuta biya=1 a waje, sai ga $biya ya bayyana a ciki kamar mai gida ne ya ajiye shi. An yi ta fasa shafuka ta wannan hanya. Shi ya sa a Disamba 2001, a fitowa ta 4.1, aka kawo su $_GET da $_POST a matsayin na gama-gari, don kowane ruwa a san rijiyar da aka ɗebo shi. A 2002, a fitowa ta 4.2, aka mayar da wancan tsarin a kashe sai wanda ya kunna da kansa, a 2012 kuma, a fitowa ta 5.4, aka cire shi gaba ɗaya. Na ce masa ka ji, su sun toshe ƙofar shekara goma sha biyu da suka wuce, kai kuma ka zo ka sake fasa ta da hannunka. Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Daga nan ya shiga gyara, a nan ne kuma na koyi abu na biyu, wanda na sa wa suna kafaffe. Shi kafaffe ba shi da alamar dala, bisa al'ada da manyan baƙaƙe ake rubuta sunansa, kuma da zarar an kafa shi ba mai sauya shi har shafin ya gama aikinsa. Shi ma daga kowane ɗaki ana ganinsa. Ko wani sashe na rubutun ya yi ƙoƙarin sake kafa shi, gargaɗi kawai zai fito, na farkon yana nan daram. Yaren ya zo da nasa tun asali. Akwai PHP_VERSION mai faɗin fitowar da ake aiki da ita. Akwai PHP_EOL, alamar ƙarshen layi. Akwai M_PI, lambar nan ta lissafin da'ira da aka wahalar da mu da ita a aji uku, 3.14159 da 'yan kai. Akwai PHP_INT_MAX, cikakkiyar lamba mafi girma da yaren ke iya riƙewa, wadda a injinan yanzu ta kai 9223372036854775807. Na ce ya bar ta nan, ko kuɗin littafina ba zai kai can ba. Akwai kuma wasu masu ban mamaki irin __LINE__ da __FILE__, waɗanda amsarsu ta danganta da inda aka rubuta su, ɗaya ya faɗi lambar layin da yake kai, ɗaya ya faɗi sunan fayil ɗin. Da su masu gini ke gano inda kuskure ya ɓuya.

Mai gini ma yana iya kafa nasa. A gabana ya rubuta define('KUDIN_LITTAFI', 500). Sannan a ƙasa define('BABIN_KARSHE', 24). Domin a lokacin nan muka kai. Ashe har kuɗin littafin a da a cikin fom yake ɓoye, wanda mai wayo zai iya mayar da shi naira biyar. Yanzu duk wanda ya nemi babi, shafin zai fara tabbatar da cewa lamba ce aka rubuta ba wani shirme ba, ya duba ba ta wuce BABIN_KARSHE ba, sannan ya duba $_SESSION ya ga wace ce ta shigo da kalmar sirrinta, ya je rumbun bayanai ya ga ko na amince da rasitinta. Kalmar biya kuwa ya share ta daga adireshi kwata-kwata.

Na tambaye shi, to in Juma'a ta zo ina son sakin babi na 25 da 26 fa, tunda ka ce kafaffe ba ya sauyawa? Ya ce ga baƙo ne ba ya sauyawa, da kuma sauran ɗakunan gidan, amma wanda ke riƙe da fayil ɗin yana iya buɗewa ya goge ya rubuta sabo. Na ce wannan kam mu mutanen Rano ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2019 aka ba mu masarauta mai daraja ta ɗaya, a Mayun 2024 aka rushe ta, a Yulin shekarar aka dawo da ita mai daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure. Talaka na ganin abu kafaffe, mai riƙe da alƙalami ya san inda ake gogewa.

Gyaran shafi bai ɗauki yini biyu ba. Gyaran da ya rage nawa ne, kuma shi ya fi nauyi. Kwana uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. A na huɗu na ce wa maigidana maganar nan ba ta waya ba ce, ya ba ni izini, na hau mota zuwa Kibiya da ɗan turmin atamfa da sabulun jariri na sunan da ban je ba. Na same ta tana tankaɗe. Ta amsa sallamata, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, amma ba ta dubi idona ba. Na zayyana mata komai, har da su sifili da ɗaya, ina yi murya na rawa. Da na gama ta ce, "Ni ba asarar littafin ce ta dame ni ba, don na san za ki rubuta wani. Abin da ya tsaya mini a rai, shekara talatin muna tare, amma ba ki tambaye ni ba, hukunci kika kira ki yanke mini." Ban da abin cewa, sai kuka. Hausawa sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, balle nawa da ya zama ƙarya. Ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe, domin kafin in tafi sai da ta ɗora mini jikar a cinya. Amma littafina na gaba da na tura mata sai da ya yi sati uku kafin ta buɗe, ita da a da kwana biyu take gamawa. Ban yi ƙorafi ba, ni na jawo.

Kuɗin littafin nan dai ya tafi, domin abin da ya riga ya shiga guruf ba ya dawowa. Kuɗin jarrabawar yarinya sai tunkiyata na sayar na cika. Yarinyar da ta tona asirin ta turo naira 500 ɗinta, na mayar mata, na kuma ba ta littafi na gaba kyauta. Su kuma waɗanda suka karanta ba su biya ba, ban yi Allah ya isa ba, amma ina tuna musu cewa babi arba'in wata bakwai na yi ina rubuta shi, mafi yawa bayan sallar isha'i da hasken waya.

'Yan uwana marubuta, duk wadda za a gina wa shafi, kada kunya ko rashin karatu mai zurfi ya hana ta tambaya. Ni ma sakandare na tsaya, kuma na gane. Ki zaunar da mai ginin ki tambaye shi abu uku. Ta yaya shafin ke sanin wadda ta biya, daga adireshi ne ko daga abin da ke ajiye a uwar garke? In mutum ya sauya lambar babi da hannunsa me zai gani? Kuɗin littafin a ina aka rubuta shi, inda baƙo zai iya taɓawa ne? Sannan ki karɓi wayar da kanki, ki fita daga asusunki, ki gwada sauya lambobin nan na sama ki gani da idonki kafin ki ɗora ko shafi ɗaya. In kuma duk da haka littafinki ya fita, ki binciki ƙofar gidanki tukuna kafin ki kira sunan kowa.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗora daga inda muka tsaya a labarinmu. Aminiyata ta riga ta duba babin, ta kuma kama ni na sa an yi ruwan sama a watan Janairu, na gyara. Allah Ya bar zumunci, Ya tsare mu da zargin bayinSa.

Taku har kullum, daga Dawaki.